Yadda Muka Tashi Daga Tsakiyar Gombe Muka Koma Bayan Gari

Ni haifaffiyar Gombe ce, a nan na girma, a nan aka yi mini aure, sana'ata kuwa suyar masa. Ina budurwa aka ba mu jiha, ranar 1 ga Oktoba 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka cire mu daga Bauchi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce mana daga ranar an gama hawa mota zuwa Bauchi don a sa hannu a takarda ɗaya, komai zai zo mana ƙofar gida. Abubuwa da yawa sun zo kuwa, ba mai musun wannan. Labarin da zan bayar na mutanen da garin ya bunƙasa ya tura su gefe ne. Muna da yawa, amma ba a cika jin ta bakinmu ba, saboda mu 'yan haya ne, sunanmu ba ya kan takardar kowane gida.

Gidan da aka kai ni amarya yana wani lungu a cikin tsohon gari, tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa babbar kasuwa. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da zaure, da ɗakuna a jere, da bishiyar dogonyaro a tsakar gida. Mu muna da ciki da falo, surukata, wadda kowa ke kira Goggo, tana ɗaki na gaba da namu. Mai gidan wani dattijo ne da ya yi kasuwancin auduga a zamanin da Gombe ke tashen auduga. Bappa muke ce masa. Wata-wata yake karɓar haya, in an sami matsi a je a gaishe shi a faɗa masa, ya ce a kawo in Allah ya hore. Maigidana faci yake yi a bakin titi, abin da ya samu yau shi za a ci yau, don haka irin wannan haya ce kaɗai muke iya ɗauka.

Ba gidan a zo a gani ba ne. Banɗaki ɗaya ne ga mutanen gidan duka, da damina kuma kwata takan cika. Darajarsa ita ce duk abin da rayuwarmu ta dogara a kai yana kusa. Injin markaɗe yana bayan gida. Famfo yana bakin lungu. Firamare tana tsallaken titi, ina jin ƙararrawarsu daga inda nake suya. Akwai wata ƙaramar tasha a bakin layinmu, a ƙofarta nake kafa tanda tun kafin a fito sallar asuba, direbobi da yaran mota da 'yan kamasho da fasinjan sammako su ne masu sayena. Kafin hantsi ƙullu ya ƙare, miyar taushe ta ƙare, na dawo gida. Sai kuma asibitin sha-ka-tafi, wanda daga ƙofar gidanmu ana hango rumfar da mata ke zaman jiran awo.

Ban san muhimmancin wannan asibiti sosai ba sai da na haifi 'yata ta biyu. Ba ta cika shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, tana kuka ba dare ba rana. Maƙwabta suka ce shawara ce, wasu suka ce iska. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a asibitin, muna ce mata Adda, ita ta duba yarinyar ta tura mu gwajin jini. Sakamako ya fito, amosanin jini ne, wato sikila. Adda ta zaunar da ni da maigidana ta yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan: ni AS ce, shi ma AS ne, wato kowannenmu yana ɗauke da ciwon a jininsa ko da yake ba ya nunawa, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila. A lokacin aurenmu ba a san da wannan gwaji ba a unguwarmu. Ta ce yarinyar za ta rayu, ta yi karatu, in an kiyaye: ƙwayar ƙarin jini kullum, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, ruwa mai yawa, a rufe ta lokacin hunturu, kuma da zarar jikinta ya yi zafi kada a jira gari ya waye.

Wannan magana ta ƙarshe, kada a jira, a can tsohuwar unguwa abu ne mai yiwuwa. Adda tana zaune a bayan asibitin. Wani dare na hunturu ciwon ya tashi, yarinyar tana riƙe da gwiwarta tana kiran sunana, na goya ta, Goggo ta riƙe mana tocila, muka buga wa Adda ƙofa. Ta fito da zani a ƙirji, ta buɗe ɗakin, ta rataya ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusar da ke saman taga, ta yi mata allura, ta sa ni ina gasa mata gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi. Kafin kiran sallar farko barci ya ɗauke ta. Ranar ma na fita suya. In abin ya fi ƙarfin Adda ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, amma sau da yawa a nan ake tare shi tun yana ƙarami.

Canjin gari ba rana ɗaya ya zo ba. Da aka yi jiha ma'aikata suka dawo daga Bauchi suna neman muhalli. Bankuna suka buɗe. A 2004 aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, masu gidaje na wajen suka gane cewa ɗalibi ɗaya da zai biya kuɗin shekara a dunƙule ya fi musu magidanci mai 'ya'ya biyar da ke biyan wata-wata. Aka riƙa rushe ɗakuna ana maido su masu banɗaki a ciki. Daga nan sai rikicin Boko Haram ya koro jama'a daga Borno da Yobe da Adamawa, musamman a 2014, shekarar da har Mubi ta faɗa hannun maharan. Masu hali a cikinsu suka sayi gidaje da filaye, marasa hali suka raɓa da dangi. Ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu, wanda ya tsere da ransa dole ya nemi inda zai kwanta. Goggo da kanta ta raba ɗakinta da wata mata daga ƙasar Gujba da 'ya'yanta, suka zauna tare da mu har Allah ya yi musu mafita. Sai dai gaskiyar magana, masu neman ɗaki sun ninka, ɗakuna ba su ninka ba, haya ta tashi ba ta sake sauka ba.

Mu ma rikicin bai bar mu ba. Bam ya tashi a tasha a ƙarshen Oktoba 2014, ya sake tashi a wata tashar a Disamba, sannan a babbar kasuwa a Yuli 2015, ana jajibirin ƙaramar Sallah, mutane na tsaka da cefane. Bayan haka aka hana mu zama a ƙofar tasha. Na matsa da tandata gaba kaɗan, ban yi ƙorafi ba, domin tsaron rai ne. Da ƙura ta lafa sai aka ce ƙananan tashoshin cikin gari suna jawo cunkoso, tamu tana cikin waɗanda aka tayar. Direbobi suka bi motocinsu. Wanda ya sami rumfa a sabon wuri ya samu, irina masu tanda a ƙasa ba a lissafa da mu ba, don ba mu da rasit na komai. Ƙullun da nake gamawa kafin hantsi ya koma ina kaiwa azahar da shi, wata rana in dawo da saura.

Sai maganar faɗaɗa titi ta zo. Wata safiya muka ga an bi layin da jan fenti, shaguna da katangu, har da katangar asibitinmu da rumfar awo da ɗakin allura. Wani malamin makaranta a unguwar ya yi mana bayanin cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnan jiha ne a madadin jama'a, in za a yi aikin amfanin kowa ana iya karɓa, a biya diyyar ginin da ke kai. Masu gini sun karɓi nasu. Tela da mai wanki da mai shayi da suka shekara goma sha suna haya a shagunan, kowa ya kwashe kayansa ya kama gabansa. Asibitin kuwa aka ce abin da ya rage bai isa a yi aiki a ciki ba, aka haɗe shi da wani sabon gini a can ɗaya gefen gari. Na je na gani da idona, ginin ya fi namu kyau nesa ba kusa ba: tayil a ƙasa, sola a sama, ɗakin haihuwa mai gadaje. Amma Adda an yi mata canjin wurin aiki, kuma abin da nake zuwa da goyo a ƙafa ya koma sai da kuɗin Keke Napep.

Ana cikin haka Bappa ya rasu, Allah ya gafarta masa. 'Ya'yansa suna da yawa, maza da mata, gida ɗaya ba ya rabuwa, sai a sayar a raba kuɗi. Haka mafi yawan tsofaffin gidajen cikin gari suke fita daga hannun masu su, kuma tunda sabon titi ya biyo ta ƙofar gidan, kuɗin da aka taya ya wuce abin da magada za su ƙi. Babban ɗansa ya zo da kansa har ɗakin Goggo ya durƙusa.

"Goggo, ki yafe mana. Wallahi ba ni kaɗai ba ne, ƙannena kowa yana jiran haƙƙinsa."

Ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Gadonku ne, halalinku ne. Mahaifinku ya riƙe mu da mutunci. Ka dai roƙa mana wanda ya saya ya bari yara su gama zangon karatu."

An bari sun gama. Yau in kin bi ta wurin, filaza ce mai hawa biyu, shagunan waya a ƙasa, masu sayar da atamfa da leshi a sama.

Mun nemi ɗaki a Jekadafari, mun nema a Herwagana da Bolari da Kumbiya-Kumbiya. Ɗakuna akwai, amma kowa kuɗin shekara yake so a hannu, ga la'adar dillali, wasu ma da sun ji yawan yara sai su ce an riga an kama. Mai faci da mai masa ba sa tara kuɗin shekara. Na sayar da 'yan kunnena na aure da akuyoyi biyu da nake kiwo a gidan yayata, muka kama ɗaki biyu a wata sabuwar unguwa can bayan gari, inda kwalta ta ƙare, kusa da bakin kwari. Duk wanda ya san Gombe ya san kwari. Ƙasarmu yashi ce, ruwa yana gangarowa da ƙarfi, zaizaya tana cin gidaje duk damina. An kashe kuɗi an gyara wasu manyan kwaruruka a cikin gari, Allah ya saka wa waɗanda suka yi, amma fili mai araha har gobe a bakin wanda ba a gyara ba yake, shi ya sa talaka ke tarewa a can.

Sai da muka tare na fahimci wani abu. Ƙaramar hukumar Gombe 'yar ƙarama ce, garin ya daɗe da cika ta ya malala cikin ƙasar Akko da Kwami da Yamaltu-Deba. Inda muke, a baki muna Gombe, a takarda muna Akko, hedikwatarmu tana Kumo. An yi tsarin a gyara asibitin matakin farko guda a kowace gunduma, gunduma 114 a faɗin jiha, kuma tsari ne mai kyau. Amma guda 11 na cikin ƙaramar hukumar Gombe a matse suke, daga wannan zuwa wancan ba nisa. Gundumomin gefen gari kuwa an shata su ne tun wurin yana gonaki da rugage. Yanzu dubban gidaje sun tsiro a cikinsu, rabon bai canza ba, asibitin gundumar yana wani tsohon ƙauye da ba mu da hanyar zuwa kai tsaye. Mutane sun ƙaura, taswirar da ake rabon asibiti da makaranta da ita tana nan yadda take. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin ba mugunta ba ce ta wani mutum ɗaya da za a je a roƙa, lissafi ne da aka yi ba da mu a ciki ba.

Ruwa ma haka. Ruwan Dadin Kowa bai kai layinmu ba, ta gefenmu kuma ruwa yana da nisa a ƙasa, rijiya ba ta cim masa. Tanka ke kawowa a zuba a rijiyar siminti, 'yan ga-ruwa su saya su sayar mana. Yarinyar da aka ce ta yawaita shan ruwa, ga shi ruwan da kuɗi. Firamare mafi kusa ajinta ya cika har yara na zama a taga, autana sai da ya yi shekara a gida kafin ya sami gurbi. Masa kuma a unguwar da kowa ke fita da asuba neman abinci cikin gari ba ta da kasuwa. Na koma yin ta oda, ta biki da suna, da wadda nake kai wa wani mai shayi a bakin kwalta.

Duk da haka muna lallaɓawa har 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Daga gidanmu zuwa asibitin da katin 'yata yake, sai ka hau acaɓa zuwa bakin kwalta, ka hau Keke zuwa cikin gari, ka sake hawa wani. Kuɗin zuwa da dawowa na mutum biyu ya fi kuɗin maganin wata. Ranar ganin likita ta riƙa wucewa, mu ce sai wani watan. Ƙwayoyin mukan saya a kamis, amma kamis ba ya auna jini.

Goggo ce ta fara biyan wannan nisa. Tana da hawan jini, a da duk mako takan taka da sandarta a gwada ta, su yi hira da Adda ta dawo. A nan sai ta ce kada a ɓata kuɗin mota a kanta, a bar wa yarinya. In mun matsa ta ce lafiyarta ƙalau, ciwon kai ne kawai na rana. Wata safiya na kai mata kunu na tarar bakinta ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Ta yi jinya a kwance, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Rai na Allah ne, kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da wannan. Amma na kuma san hawan jini ciwo ne da ake riƙewa da awo da ƙwaya, kuma ta riƙe shi shekaru masu yawa lokacin da awon yake kusa da ita.

Daminar da ta biyo baya, ciwon 'yata ya tashi da tsakar dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun magariba jikinta ya yi zafi, na ba ta maganin da ke gida, na ce Allah ya kai mu safiya. Wajen ƙarfe ɗaya numfashinta ya canza, idonta ya yi fari fat, tafin hannunta ba alamar jini. Kwari ya kawo, ba mai acaɓar da zai fito. Babanta ya saɓa ta a kafaɗa, budurwa ce fa ba jaririya ba, ni ina gaba da fitilar waya, muka zagaya ta doguwar hanya cikin taɓo har bakin kwalta. A can muka tsaya cikin ruwa har Allah ya kawo wani mai motar ɗaukar kayan gwari, ya tsaya, ya kai mu, ko sisi bai karɓa ba. Sai da aka yi mata ƙarin jini. Likitan da ya karɓe mu, yaro ne mai kirki, ya tambaye ni cikin tausayi, "Mama, me ya sa kuka bari sai yanzu?" Na faɗa masa sunan unguwarmu. Ya yi shiru, ya ci gaba da rubutu.

Ina jin masu cewa ci gaba dole sai da sadaukarwa. Ni ma ina son titi mai faɗi da fitilu, ina jin daɗi in baƙo ya zo ya ce Gombe ta yi kyau, garina ne. Tambayata ita ce wa ake sa wa ya sadaukar, kuma an tambaye shi? Mai gida ya sami diyya ko kuɗin ciniki. Mai filaza ya sami haya. Wanda ke da mota, asibiti ya matsa kilomita nawa ne ma bai dame shi ba. Mu da dukiyarmu duka ita ce kusanci da tasha da asibiti da makaranta, ita aka ɗauka, kuma ba ta da layi a takardar diyya. Kafin a tayar da asibiti, kamata ya yi a buɗe rajistar masu zuwa a ga daga ina suke takowa, tsofaffi nawa, masu ciki nawa, masu sikila nawa, a bar musu ko ɗaki ɗaya ne da ma'aikaci ɗaya. In kuma an ga unguwa ta tsiro a bayan gari, kada a jira sai ta shekara goma kafin a san da mutane a cikinta. Gwamnati ta san yadda ake zuwa auna fili a ba da takarda, hanyar da aka bi aka auna filin ita za a bi a kai allurar rigakafi da na'urar awon jini.

Mu matan layinmu ba mu zauna ba. Mun kafa adashi na musamman, kuɗinsa ba na biki ba ne, na dare ne: akwai wani mai Keke a unguwar da muke ba wani abu duk wata, da sharaɗin wayarsa a kunne take kwana, kuma akwai man da ba ya taɓawa. Mata masu naƙuda sun amfana da shi. Mun je wurin mai unguwa, ya rubuta takarda, wani bawan Allah ya ba da shagonsa kyauta, yanzu ma'aikatan lafiya sukan zo can ranakun rigakafi. Muna neman a mayar da shi na kullum, an ce ana dubawa. Amma in kwari ya kawo, Keke ma ba ya ƙetarewa.

Saboda haka bana, tun kafin ruwan farko, na haɗa wa 'yata kayanta na kai ta gidan ƙanwar babanta a Bolari. Ɗaki ɗaya suke kwana da yara huɗu, amma asibiti yana kusa, kuma daga can take zuwa darasin share fagen jarrabawa, don burinta ta shiga makarantar koyon aikin lafiya. A can za ta zauna har kaka. Duk Juma'a babanta yana kai musu abin da ya samu na cefane, ni kuma in na sami odar masa a cikin gari nakan biya in duba ta, in ƙirga ƙwayoyinta in ga ko tana sha.